ADAM10 ko ADAM17: Wanne Ya Kamata Ɗalibin Damagaram Ya Ɗauka a Kundin Kammala Karatunsa?

Ɗalibin likitanci ko na kimiyyar halittu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wanda hankalinsa ya karkata ga yadda ƙwayoyin jiki suke aika wa juna saƙo, kuma yake son ya gina kundinsa a kan anzim ɗin (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) da ke yanke furotin daga saman ƙwaya, ba zai yi nisa da karatu ba sai ya tarar da sunaye biyu sun cika masa takardu, wato ADAM10 da ADAM17. Dangi ɗaya ne, surarsu ta yi kama ƙwarai, kuma akwai furotin da dama da kowannensu yake iya yankewa, shi ya sa mai sabon shiga yakan ɗauka duk wanda ya zaɓa daidai ne. A ganina ba haka abin yake ba. Abin da ya raba su yana ga yadda ƙwaya take riƙe da kowanne, da wanda ta ɗora wa alhakin tsaronsa, kuma daga nan ne ɗalibi zai gane wanda zai iya aiki da shi da kayan da ke hannunsa, da wanda ya fi kusa da cututtukan da yake gani a asibitocinmu.

Furotin da yawa ba a sake suke fitowa daga ƙwaya ba. Ana haɗa su ne a kafe cikin tantanin da ya kewaye ƙwayar, kai a waje, wuya ya ratsa tantanin, jela kuma tana ciki. ADAM10 da ADAM17 almakashi ne da ke zaune a kan tantanin nan, suna datse wuyan furotin dab da gindinsa, sai kan ya saki ya bi jini ko ruwan da ke tsakanin ƙwayoyi. Idan abin da aka yanke ɗan saƙo ne, kamar TNF da ke tayar da kumburi da zazzaɓi, to yankan ne yake ba shi damar isa nesa. Idan makarɓin saƙo ne aka yanke, ƙwayar ta daina jin kira, gutsuren da ya fita kuma yana iya tare ɗan saƙon a hanya ya riƙe shi. Idan kuwa furotin mai manne ƙwaya da ƴar'uwarta ne, yankansa yana sassauta haɗin da ke tsakaninsu. Abin lura shi ne, abin da aka yanke ba ya komawa, sai dai ƙwaya ta haɗa sabo, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba ta barin almakashin nan a buɗe sakaka.

Akwai matakan tsaro da dukansu biyu suka yi tarayya a ciki, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Kowanne yana aiki ne da ƙwayar ƙarfen zinki a bakin yankansa, kuma ana haɗa shi da wani murfi na furotin da ke toshe bakin, wanda anzim mai suna furin yake cirewa a sashen Golgi, inda ƙwaya take kammala shirya furotin, kafin a kai shi saman ƙwaya. A waje kuma akwai TIMP3, furotin da jiki da kansa yake yi don ya danne su duka biyun, yayin da TIMP1 yake danne ADAM10 ba ya taɓa ADAM17 sosai. Dangin nasu yana da ƴaƴa sama da 20 a jikin mutum, kusan rabinsu ne kawai suke yanka, kuma ƴan'uwansu na kusa su ne anzim ɗin da ke cikin dafin kububuwa, waɗanda ke sa wanda ta sara ya yi ta zubar da jini. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai abu ɗaya ne. Sai an dubi wanda yake raka kowanne tun daga inda aka haɗa shi sannan hanya take rabuwa.

An gano ADAM17 a 1997, lokacin da ƙungiyoyi biyu, ta Roy Black da ta Marcia Moss, kowacce ta ware anzim ɗin da ke sakin TNF, suka kira shi TACE. A 1998 aka samar da ɓerayen da ba su da shi, kuma abin da aka gani ya ba masu binciken mamaki, domin sun zaci matsalar za ta tsaya ga garkuwar jiki. Jaririn ɓera lafiyayye ana haifarsa ido a rufe, fatar ido ta haɗe, sai bayan kusan mako biyu take buɗewa. Waɗannan kuwa an haife su ido a buɗe, gashi da fata ba daidai ba, yawancinsu kuma suka mutu dab da haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Dalili shi ne ADAM17 ne kuma yake sakin TGF-alfa da amfiregulin da HB-EGF, ƴan saƙon da fata da hanji da zuciya suke buƙata don su girma su kuma gyara kansu. Tun daga ranar aka san cewa almakashi ɗaya ne yake riƙe da kumburi da kuma warkewar rauni. A 2011 aka ba da rahoton wasu yara biyu, namiji da mace ƴan'uwan juna, da aka haifa ba su da ADAM17 mai aiki, kuma sun yi ta fama da kumburin fata da ciwon hanji tun suna jarirai.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne saurin ADAM17. Idan aka zuba wa ƙwaya sinadarin PMA, wanda masu bincike suke tunzura ƙwayoyi da shi, ko ta ci karo da gutsuren bakteriya, cikin mintuna kaɗan yankan yake tashi, ba tare da an haɗa sabon anzim ba, kuma ko an cire jelar ADAM17 da ke cikin ƙwaya saurin bai ragu ba. To ta ina saƙon yake shiga? Amsar ta fara fitowa a 2012 daga ɗakunan binciken Matthew Freeman a Ingila da Tak Mak a Kanada, waɗanda suka nuna cewa akwai wani furotin mai suna iRhom2, mai ratsa tantani sau 7, wanda shi ba ya yanka komai, amma in babu shi ADAM17 ba ya fita daga retikulum, sashen ƙwaya inda ake haɗa shi, balle ya kai Golgi a cire masa murfi. Daga baya aka gane ɗan rakiyar nan ba ya juyawa a hanya, yana tare da shi har saman ƙwaya. A 2017 aka nuna cewa idan saƙo ya zo, anzim irin su ERK suna ɗora fosfat a jelar iRhom2, sai furotin 14-3-3 su kama wurin, riƙon da iRhom2 ya yi wa ADAM17 ya sauya, yanka ya fara. A 2018 aka ƙara gano wani na uku, FRMD8, wanda wasu ke kira iTAP, da ke hana ƙwaya kwashe su biyun ta narkar. Akwai kuma ƙarin matakai a kan tantanin kansa, kamar fitowar kitsen fosfatidilserin zuwa fuskar waje, wanda ke jawo anzim ɗin kusa da abin da zai yanka, da anzim PDI da ke sauya surarsa ya rufe shi.

Wurin da ya fi jan hankalina a wannan labarin shi ne iRhom iri biyu ne. Yawancin sassan jiki suna da iRhom1 da iRhom2 tare, idan ɗaya ya ɓace ɗayan ya riƙe aiki, amma ƙwayoyin garkuwa irin su makrofaj kusan da iRhom2 kaɗai suka dogara. Saboda haka ɓeran da ba shi da iRhom2 yana rayuwa, idonsa da fatarsa lafiya, sai dai makrofaj ɗinsa ba sa iya sakin TNF. A 2013 aka nuna irin wannan ɓera ya samu kariya daga ciwon kumburin gaɓoɓi, ko da yake tun a 2012 an ga ba ya iya jure wa bakteriyar Listeria yadda ya kamata. A gefe guda, idan iRhom2 ya wuce gona da iri saboda sauyi a ƙwayar gadonsa, ana samun cutar gado mai kaurara fatar tafin hannu da ta ƙafa, tare da babban haɗarin kansar maƙoshi, wato bututun da abinci yake bi zuwa ciki.

ADAM10 ya shigo ta wata ƙofa dabam. An fara gane muhimmancinsa a 1996 a jikin ƙudan ƴaƴan itace, inda aka sa masa suna Kuzbanian, kuma babban aikinsa shi ne yanke Notch, makarɓin da ƙwayoyin ɗan tayi suke amfani da shi wajen tantance wadda za ta zama jijiya da wadda za ta zama wani abu. Ɓeran da ba shi da ADAM10 ba ya ma kai wa ga haihuwa, yana mutuwa a ciki wajen kwana 9 da rabi, kamar yadda aka nuna a 2002. Shi ne kuma yake yanke furotin APP na ƙwaƙwalwa a tsakiyar gutsuren amiloyid, ya hana samuwar abin da ke taruwa a cutar Alzheimer, ga kadherin masu manne ƙwayoyi, ga EGF da betaselulin, ƴan saƙon da ke sa ƙwayoyi girma, ga CD23 da ke da hannu wajen daidaita IgE, wani nau'in antikor, wato furotin garkuwa mai kama baƙon abu a jiki. Halinsa ya bambanta da na ɗan'uwansa, domin yawancin aikinsa a hankali yake yi ba tsayawa, ko da yake shigar kalsiyam cikin ƙwaya tana ƙara masa kuzari. A 2017 aka ga surarsa, aka tarar wani sashe na jikinsa yana lanƙwasowa ya tare bakin yankan, wato yana ɗauke da makullinsa a jikinsa.

Masu rakiyar ADAM10 su 6 ne, daga cikin furotin 33 na dangin tetraspanin da mutum yake da su: Tspan5, 10, 14, 15, 17 da 33, waɗanda a tare ake kira TspanC8. Su ma a 2012 aka gane aikinsu. Kowanne yana fitar da ADAM10 daga retikulum, amma kowanne da inda yake kai shi da abin da yake karkata shi ya yanka. Tspan15 yana ƙarfafa yankan N-kadherin, Tspan5 da Tspan14 kuma suna taimaka wa yankan Notch. Michael Tomlinson na Birmingham yana ganin bai ma kamata a ɗauki ADAM10 a matsayin almakashi ɗaya ba, sai dai guda 6, gwargwadon wanda yake tare da shi. Wannan kyakkyawan fage ne ga mai son ilimi don kansa, amma ga ɗalibin da yake da shekara ɗaya ko ƙasa da haka nauyi ne babba, domin kafin ya ce komai game da ADAM10 a cikin wata ƙwaya sai ya san waɗanne daga cikin shidan take da su, kuma antikor masu kyau na gano tetraspanin ba su da yawa ko a manyan ɗakunan bincike. Mai ADAM17 yana da masu rakiya biyu kacal da zai tantance, iRhom1 da iRhom2, idan kuma a kan fararen ƙwayoyin jini yake aiki, kusan ɗaya ne.

Sai batun da ya fi damuna, wato me binciken zai amfana wa mutanen da muke gani kullum. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara na Babban Asibitin Damagaram tsakanin Agusta da Oktoba ya san yadda zazzaɓin cizon sauro yake cika gadaje, kuma yankinmu yana cikin zirin sanƙarau da ke tashi da rani. A cututtukan nan biyu TNF yana tsakiyar labari. A 1987 likitoci a ƙasar Norway suka nuna cewa masu cutar meningokok, bakteriyar da ke jawo sanƙarau, da aka samu TNF a jininsu su ne suka fi mutuwa, a 1989 da 1990 kuma bincike a Malawi da Gambiya ya nuna yawan TNF yana tafiya tare da tsananin zazzaɓin cizon sauro a yara. Akwai kuma EPCR, furotin da ke kan bangon jijiyoyin jini yana hana jini daskarewa ba bisa ƙa'ida ba, wanda ADAM17 yake yankewa, kuma a 2013 aka gano a kansa ne jajayen ƙwayoyin da ke ɗauke da mugun nau'in Plasmodium falciparum, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, suke maƙalewa. Ƙara da ACE2, ƙofar da ƙwayar cutar korona take shiga ta cikinta, wanda shi ma ADAM17 ne yake datsewa. Duk waɗannan tambayoyi ne da amsarsu take cikin jinin marasa lafiyar da ke kwance a garinmu.

Amma kada ɗalibi ya rubuta a kundinsa cewa toshe TNF shi ne mafita, domin an gwada. A 1996 aka buga sakamakon gwaji a Gambiya, inda aka ba yara sama da 600 masu zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko dai antikor mai kama TNF ko maganin gwaji marar komai, kuma bai rage mutuwa ba, har ma an fi samun naƙasar jijiya a cikin waɗanda suka karɓi antikor ɗin. Magungunan da aka yi don toshe bakin ADAM17 kai tsaye su ma ba su kai labari ba: apratastat bai nuna amfani ba a masu kumburin gaɓoɓi, wasu kuma sun taɓa hanta, kuma babbar matsalar ita ce bakin yankan anzim masu zinki ya yi kama da juna, da wuya a toshe ɗaya a bar saura. Waɗanda suka yi nasara su ne masu kama TNF bayan ya fita, irin su infliximab da etanercept da aka amince da su a Amurka a 1998, da adalimumab a 2002, amma su ma suna tayar da tarin fuka da ciwon hanta na B da suka kwanta a jiki, kuma wannan ba ƙaramin lamari ba ne a ƙasar da cututtukan biyu suke da yawa. Shi ya sa masu neman magani suka maida hankali kan iRhom2, da fatan rage TNF a ƙwayoyin garkuwa kaɗai a bar fata da hanji suna gyara kansu. Ɗalibin da ya fahimci wannan yana da abin faɗa a babin tattaunawarsa wanda ya wuce maimaita abin da ke cikin littafi.

Ta fuskar aikin hannu ma ADAM17 ya fi sauƙin kamawa, saboda abin da yake saki yana yawo a jini. Da gwajin ELISA ana iya auna makarɓan TNF biyu da suka saki, da L-selektin na saman fararen ƙwayoyin jini, da EPCR. Faranti ne mai ramuka 96, a ɗiga ruwan jini a kowane rami, a jira, a wanke, a ƙara antikor, a sake wankewa, sannan a zuba sinadarin da ke mai da ramukan shuɗi gwargwadon yawan abin da ake nema, da an ɗiga asid kuma su rikiɗe su koma rawaya, na'ura ta karanta su a nanomita 450. Idan an samu damar amfani da na'urar ƙirga ƙwayoyi mai iya bambance alamomin da ke samansu, ana iya ganin abin kai tsaye: a raba jinin mutum ɗaya gida biyu, a zuba wa rabi PMA, a ajiye su a zafin digiri 37, kafin rabin awa L-selektin ya kusa ƙarewa daga saman nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, na wanda aka zuba wa, ɗayan kuma yana nan yadda yake. Aikin ADAM10 a kan Notch ko APP kuwa yana buƙatar renon ƙwayoyi na makwanni, da akwatin reno mai iskar kabon da ba ya son ɗaukewar wuta ko ta sa'a ɗaya, ko kuma ruwan laka da ba a ɗiba sai da dalilin jinya.

Duk da haka akwai ɗaliban da zan ce su ɗauki ADAM10 ba tare da shakka ba. Na farko shi ne mai sha'awar cututtukan fata da na huhu da bakteriyar Staphylococcus aureus take jawowa, mai haddasa maruru da ƙurajen da ke cin yara, musamman masu tamowa. A 2010 aka gano cewa gubar alfa ta wannan bakteriya a kan ADAM10 take sauka, kuma ba sauka kawai take yi ba, tana tunzura shi ya yanke E-kadherin, haɗin ƙwayoyin fata ko na huhu ya kwance, cuta ta samu hanyar shiga. Na biyu shi ne mai son ya dubi tsargiya da tsutsar ciki, inda IgE yake yawa, domin CD23 da ADAM10 yake saki ana auna shi a jini da ELISA kamar sauran. Na uku kuma shi ne wanda ya san zai wuce digiri na gaba a kan ƙwaƙwalwa ko girman ɗan tayi, kuma malaminsa yana da hulɗa da wani ɗakin bincike a Yamai, kamar cibiyar binciken lafiya ta CERMES, ko a wata ƙasa, ko kuma kundinsa na bitar abin da aka riga aka rubuta ne, wanda ba ya buƙatar firigo ko kwalba. Wanda ba ya cikin waɗannan ukun, shawarata ita ce ya ɗauki ADAM17 tare da iRhom2, ya ɗaure tambayarsa da cuta ɗaya da yake iya samun masu ita.

Ko wanne aka zaɓa, akwai tarkon da ya kamata a sani tun kafin a ɗebi jinin farko. Ganin gutsuren furotin a jini ba hujja ba ce cewa anzim kaza ne ya yanke shi, domin ADAM10 yana iya yanke wasu daga cikin abubuwan ADAM17 idan kalsiyam ya shiga ƙwaya, makarɓin IL-6, wani ɗan saƙon kumburi, kuma su biyun duka suna yankansa, har ƙwaya tana iya haɗa shi a sake ba tare da an yanka ba. Masu bincike suna raba gardamar da sinadarai biyu: GI254023X, wanda ya fi danne ADAM10 da kusan ninki 100, da GW280264X mai danne su duka, ta yadda idan na biyu ya tsayar da yanka na farko bai tsayar ba, zargi ya hau kan ADAM17. Wanda bai samu waɗannan ba sai ya rubuta abin da ya auna kawai, kada ya yi da'awar abin da bai gwada ba. Haka kuma ƙwayoyin jini ba sa daina yanka don an zuba su a kwalba, kuma a zafin Afrilu na Damagaram kwalbar da ta daɗe a kan tebur za ta ba da adadin da ya fi na jikin mai jinyar. Dole a raba ruwan jini da wuri, a rubuta lokacin ɗiba da na rabawa ga kowace kwalba, a kasa shi ƙananan rabo a daskarar, don kada a riƙa narkarwa ana sake daskararwa. TNF da kansa ba ya daɗewa a jini, makarɓansa da suka saki sun fi shi jurewa, don haka su ya fi kyau a sa a gaba idan kuɗin faranti ɗaya kawai ake da shi. Kuma tun da yawancin masu jinyar yara ne, takardar amincewar kwamitin ɗa'a da yardar iyaye, wadda aka yi musu bayaninta da Hausa ko Kanuri ko duk harshen da suke ji, su ne abin da ɗalibi zai fara nema tare da malaminsa kafin ya yi odar ko da antikor ɗaya.